Tambaya da Amsa: Ruwan lagireto da bututun galba ba sa shan inuwa ɗaya

Ɗari ya kankama a Damagaram, don haka ba mamaki wasiƙun wannan fitowar suka karkata kan ruwan zafi. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ce ta cinye fili, saboda amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da masaukin baƙi a nan Zinder. Tun lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 na sayi babban gurup, wato janareta, mai shan gazuwal, kuma har gobe shi ne madogararmu in wuta ta ɗauke. Ƙanena ya ba ni shawara cewa zafin da injin ke zubarwa asara ce, gara a ja shi a riƙa dafa ruwan wanka da na wanki. Muka kawo mai aikin famfo, ya ja bututun galba daga injin zuwa tanki mai lita 1,000 da ke bayan ɗakin wanki, tazarar kamar mita 15, ya sa naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe a cikin tankin, sannan ya komo da layin zuwa injin. Aka cika da koren ruwan lagireto na jarka, mai tsada. Da farko abin sai son barka, baƙi har yabawa suke yi. Yanzu ruwan tankin ba ya zafi kamar da, injin kuma yana kashe kansa saboda zafi. Makanike ya buɗe rariyar layin ya tarar da laka mai ruwan toka ta cika ta. Mai famfo ya ce ruwan lagireton jabu ne. Mai kantin da ya sayar mini ya yi ta rantsuwa. Makanike kuma ya ce a zubar da shi a sa ruwan famfo zalla a huta. Wa zan bi? Daga wani Alhaji mai masauki, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Cikin mutanen nan uku babu wanda zan ce ka bi ido rufe. Mai kanti dai ka bar shi ya huta da rantsuwa. Jabu akwai shi a kasuwa, ban musa ba, amma abin da ka kwatanta ba sai da jabu yake faruwa ba. Ko ruwan da kamfanin injin ya aiko da hannunsa aka zuba a bututun nan, lakar sai ta fito. Laifin yana wurin haɗa galba da ruwan lagireto mai zafi.

Bututun galba baƙin ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450, ya fito da riga ciki da waje. Rigar ba wani kauri gare ta ba, kashi ɗaya cikin ashirin na milimita ne ko ɗan fiye. Aikinta shi ne ta lalace a madadin ƙarfen. In ruwa da iska suka zo, tutiyar ce ke cinyewa a hankali, ƙarfe ya tsira. A ruwan sanyi takan yi wani ɓawo a samanta da ke rage saurin cinyewar, shi ya sa bututun da ya sauko daga shato, wato tankin ruwa na sama, yake shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Abin da mai famfonka ya sani ke nan, kuma a nan yana da gaskiya. Sai dai ruwan da ke zagaya injin ba ruwan shato ba ne.

Ruwan lagireto abu huɗu ne a haɗe: ruwa, da gilikol mai hana shi daskarewa, da launi, da wasu ƴan magungunan hana tsatsa, waɗanda su ne ainihin abin da muke kashe wa kuɗi a ƙasa mai zafi irin tamu. A tsohon haɗi, wanda galibi kore ne, magungunan su ne fosfat da silikat da borat da danginsu. An auna su ne daidai da ƙarafan da ke cikin injin. Akwai wani gwaji na Amurka da ake yi wa ruwan lagireto, mai lamba ASTM D1384, inda ake tsoma ƙarafa shida a cikinsa har awa 336, mako biyu ke nan, a zafin digiri 88, sannan a auna abin da ya ci daga kowanne. Ƙarafan su ne jan ƙarfe, dalmar liƙi, tagulla, ƙarfe, ƙarfen zubi da alminiyam. Rigar tutiya ba ta cikin jerin, don babu injin da ake ƙera hanyar ruwansa da galba.

To da fosfat ya gamu da tutiya sai su kama juna su zama garin da ba ya narkewa. Garin nan shi ne lakarka. Kamfanonin da ke haɗa gilikol na masana'antu suna rubuta wannan gargaɗi ɓaro-ɓaro a takardunsu, har akwai mai cewa abin ya fi tsanani da zarar zafi ya haura digiri 38. A Zinder kuwa, cikin Afrilu da Mayu, ko ƙarƙashin inuwa an wuce 40, balle ruwan injin da ke yawo tsakanin 80 da 95.

Asarar ta ɓangare uku take zuwa. Bututu ya rasa rigarsa. Ruwan lagireto ya rasa maganinsa. Lakar kuma ba a rariya kaɗai take tsayawa ba, tana bin ruwa ta shiga siraran hanyoyin lagireto da na sanyaya baƙin mai ta toshe su, tana goge robar famfon ruwan injin har ya fara ɗiga. Kashe kansa da injin ke yi daga nan ne. Ka gode wa Allah da na'urar kashewar ke aiki, da babu ita da yanzu zancen ƙonewar kan injin muke yi.

Asarar ta tsakiya ce aka fi mantawa da ita, ita ce kuma mai cin kuɗi a ɓoye. Gilikol in ya daɗe yana shan zafi da iska sai ya riƙa yin tsami, kuma tsami cin ƙarfe yake yi. Masu haɗa ruwan sun san da haka, shi ya sa fosfat da borat ke da aiki na biyu, wato kashe tsamin yana fitowa, kamar yadda uwargida ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Tutiya ta kwashe fosfat ɗin ta kai shi rariya, babu sauran mai tare tsami. Ruwan yana nan kore shar, amma cikinsa fanko ne, yana cin injin yana cin lagireto.

Na taɓa kwance irin wannan aiki a wani gidan wanki da guga. Lakar in ka murza ta tsakanin yatsu da farko santsi za ka ji, daga baya sai ƴar ƙaiƙayi-ƙaiƙayi, in ta bushe a rana ta koma farin gari. Da muka tsaga guntun bututun da ke bakin injin, cikinsa dabbare-dabbare yake: nan toka-toka, can baƙin ƙarfe tsirara da ɗigo-ɗigon ramuka. Guntun da ke komowa daga tanki, inda ruwan ya ɗan huce, rigarsa na nan da sauranta. Daga waje kuwa duka biyun sai ƙyalli, ka rantse jiya aka sayo su.

Kai ma kana iya tabbatarwa ba tare da ka biya kowa ba. In injin ya huce sarai, a ɗebi ruwan a farar kwalba a ajiye ta kwana, ka ga abin da zai kwanta. A samo maganaɗisun tsohuwar lasifika a goga a gindin kwalbar. Farar laka ko mai ruwan toka ba ta bin maganaɗisu. In ka ga baƙin gari yana bin sa, to ƙarfen kansa ya fara cinyewa, magana ta yi nisa. In ka samu takardar auna pH, wato ma'aunin tsami, a wurin masu kayan gwaji, a tsoma: sabon ruwan lagireto yana tsakanin 7.5 da 11 gwargwadon irinsa, in ya sauko zuwa 7 ko ƙasa ya mutu. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto injin na da zafi, tururin nan ya ƙona fuskoki da yawa.

Shawarar makanike kuma an gudu ba a tsira ba ce. Galba ba ta son zafi ko da ruwa zalla ne. Sama da digiri 60 ɓawon da ke kare tutiya yana canza hali, har a wasu ruwayen abin ya juye, ƙarfe ya koma cinyewa a madadin tutiya, ya riƙa huda ramuka masu zurfi a wuri guda. Injin kuma ya rasa mai kare shi. Ruwan famfo zai bar gishirinsa a jikin hanyoyin ruwa, tsatsa ta biyo baya, manyan injinan gazuwal kuma suna da wata cuta ta daban, inda girgizar silinda ke haifar da ƙananan kumfa masu fashewa a jikin hannun silinda har su huda shi, ruwa ya shiga baƙin mai. Maganin da ke cikin ruwan lagireto ne ke tare wannan. Injin dai dole ya sha ruwansa. Bututun ne zai tashi.

Amma Alhaji, abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba lakar ba ce, naɗaɗɗen bututun nan ne da ke cikin tanki. Gilikol ɗin da ke cikin ruwan mota da na gurup etilen gilikol ne, guba ne, ga shi da zaƙi. Kimanin mililita 100 na tsantsarsa na iya kashe babban mutum, yaro ko akuya kuwa kaɗan ya ishe su. Wanda ya sha da farko kamar mai maye zai zama, bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙoda ta tsaya. Tsakanin wannan guba da ruwan da baƙinka ke alwala da shi, suke kurkure baki, wani ma ya ɗiba ya haɗa shayi, babu komai sai bangon bututu guda ɗaya, wanda ruwa mai tsami ke bi ta cikinsa. Ka rufe layin nan yau, ba gobe ba, a mayar da injin kan lagiretonsa shi kaɗai. A duba ruwan tanki a farin bokiti ko akwai kore-kore, a tambayi mai kula da injin ko yana yawan ƙara ruwa ba tare da ya ga inda yake zuba ba.

Ba ina cewa ƙanenka ya ɓatar da kai ba ne, dabararsa mai kyau ce. Litar gazuwal ɗaya na ɗauke da zafin da ya kai kilowat-awa 10. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama wutar lantarki, sauran ya bi salansa da lagireto ya tafi iska. A ce injinka na shan lita 8 a awa, kilowat 80 ke nan, kuma kimanin 20 daga ciki ta ruwan lagireto suke fita. Ɗaga lita 1,000 daga digiri 25 zuwa 55 yana cin kilowat-awa 35. Cikin awa biyu tankinka ya yi zafi da man da ka riga ka biya. Wanda ya san kuɗin itace da na gas a garin nan ba zai yar da wannan ba.

Gyaran zai fara da wanke injin. A zubar da tsohon ruwan, a wanke da ruwa mai tsabta har ya fito garau, sannan a bi da maganin wanke lagireto wanda littafin injin ya yarda da shi. Ban da asid ɗin batir, ban da soda, ban da omo. Soda cin alminiyam take yi, omo kuma kumfarsa ba ta fita da sauƙi. Lagireton mai yiwuwa sai an sauke shi an kai wa masu tsefe shi. A duba robar famfon ruwa tun ana wurin.

Sannan a sake tsarin yadda ruwan injin ba zai yi doguwar tafiya ba. Famfon da ke jikin injin an ƙera shi ne don ya zagaya da ruwa tsakanin injin da lagireto, ba don ya tura shi mita 30 zuwa da komowa ba. A dasa na'urar musayar zafi mai faranti-faranti na inos, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, dab da injin, a haɗa ta da gajeren baƙin bututu ko tiyon roba irin na lagireto. Lagireto da fankarsa su zauna a layi yadda suke, don in tanki ya ƙoshi da zafi injin ya samu inda zai zubar da nasa. Daga ɗaya gefen na'urar sai a tayar da layi na biyu mai nasa ƙaramin famfon, shi ne zai je tanki ya bi ta naɗaɗɗen bututu ya komo. Bango biyu ke nan tsakanin guba da baƙo.

Layi na biyun nan ba ya buƙatar gilikol ko ɗigo. Babu abin da ke daskarewa a Zinder, ko a tsakiyar Janairu da asuba sanyin bai kusa sifiri ba. Gilikol kuma ba kyauta yake zuwa ba: haɗin rabi da rabi yana ɗaukar zafi ƙasa da ruwa zalla da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga kauri da ke wahalar da famfo. Ruwa marar gishiri haɗe da maganin hana tsatsa na rufaffen layi ya isa, a nemi wanda aka rubuta ya dace da dafa ruwan gida. In ba a samu ba, a sa propilen gilikol mai maganinsa a ciki, wanda ba shi da guba irin ta etilen, kada kuma a tsinka shi ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, don ƙasa da haka maganin ya yi rauni, ƙwayoyin cuta ma na iya mayar da shi abinci. Shi ma propilen ɗin ba ya shiri da galba.

Bututun layin baƙin ƙarfe zai zama. Na san mai famfo zai ce baƙin bututu ai tsatsa yake yi. A fili haka ne. A rufaffen layi kuwa, iskar da ta shigo da ruwan farko ce kaɗai ke cin ƙarfe, da ta ƙare shi ke nan. Abokin gabarsa shi ne yoyo da yawan ƙara sabon ruwa, don kowane bokiti da sabuwar iskarsa yake shigowa. Saboda haka a sa rufaffen tankin numfashi mai roba a ciki, da bawul ɗin tsaro, da mafitar iska a wuri mafi tudu, da rariya kafin na'urar. Wajen bututun a shafa fenti a naɗe da audugar gilashi. Jan ƙarfe da inos ma suna yi in aljihu ya yarda. Farin bututun roba na PVC kada ma a kawo shi kusa, iyakarsa digiri 60. Bututun roba na PPR zalla kuma iska na ratsa jikinsa a hankali, ba a so shi a rufaffen layin da ke da baƙin ƙarfe sai mai alminiyam a tsakiya.

Inda ake kayar da mutane shi ne ƙananan kaya. Ka sayi baƙin bututu, yaro ya je kasuwar Dole ya ciko buhu da gwiwoyi da mahaɗai, duk na galba, don su suka fi yawa a shaguna. Ka tsaya da kanka a duba su ɗaya bayan ɗaya: baƙi ko tagulla. In ba a samu a nan ba a aika Maraɗi ko Kano, jinkirin mako guda ya fi sake wanke injin.

Galbar da ke kawo ruwan sanyi daga shato zuwa tanki a bar ta, tana inda ya dace. Tsofaffin bututun da aka cire kuwa kada a ba kowa ya ja ruwan sha da su. A yi ginshiƙin rumfa.

Tambaya: Malam ina wuni. Mun sa na'urar dafa ruwa da hasken rana a saman soro, irin mai dogayen kwalabe. Ɗana da ke karatu a Faransa ya ce a can sai an zuba maganin hana daskarewa a irin waɗannan, wai in tambaya ko an zuba a tamu. Sannan ruwan zafin in an fara buɗewa da safe ja-ja yake fitowa. Da galba aka sauko da shi. Daga wata Hajiya, unguwar Birni.

Amsa: Lafiya lau Hajiya, a gaida yaran. Ɗanki abin da ya gani ya faɗa. A Faransa sanyi na sauka ƙasa da sifiri, ruwa in ya daskare yana kumbura ya fasa bututu, don haka na'urorinsu layi biyu ne, na sama da gilikol, na wanka daban.  

Taki kuwa, in irin wadda ta cika gari ce, ruwan da ke cikin kwalaben shi ne ruwan da ke sauko miki banɗaki. Babu wurin zuba magani, duk wanda ya zuba a ruwan wankanki ya zuba. Kada ki yarda, ko wa ya kawo shawarar.

Jan ruwan daga bututun ne. Na'urar nan a bazara tana kai ruwa digiri 80 ko 90, wani lokaci har ta tafasa, galba kuma na faɗa a sama iyakarta 60. Rigar ta tafi, ƙarfe ya fara tsatsa, ruwan da ya kwana a ciki shi ke fitowa ja. A canza layin zafi da PPR na ruwan zafi ko jan ƙarfe, kuma in PPR ne a rufe shi daga rana, don ranar Damagaram na ƙona shi ya yi ta ɓarewa. Kada a sa jan ƙarfe a sama a bar galba a ƙasa, ruwan da ya bi ta jan ƙarfe yana ƙara saurin cin galba. Ƙafafun na'urar da murfin tankinta ko da na galba ne babu komai, ruwa ba ya bi ta cikinsu. Ki sa a ɗaura bawul mai gauraya zafi da sanyi saboda jikoki.

Wani abu da ba ki tambaya ba. Ruwa na yawan ɗaukewa a garin nan. In tankin ya ƙafe, kwalaben suka sha rana babu ruwa, kada a bari ruwan sanyi ya shiga da tsakar rana, tarwatsewa suke yi. A rufe bawul ɗin shiga sai dare ko asuba.

Tambaya: Baba, ni yaron gareji ne a hanyar Tanut. Maigidana ya ce kore da ja duk ɗaya ne, launi ne kawai. Wani kuma ya ce in an haɗa su suna daskarewa kamar kamu. Kuma da wane ruwa ake tsinka mai kauri? Mu ruwan ƴan ga-ruwa muke sawa.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi albarka. Maigidanka ya faɗi rabin gaskiya. Launin rini ne, gilikol shi kansa fari ne kamar ruwa, kuma babu dokar da ta tilasta wa kamfanoni launi guda. Amma abin da ke ƙarƙashin launin ba ɗaya ba ne. Tsohon haɗi mai silikat da fosfat yana shafe ƙarfe da kariya nan da nan, amma yana ƙarewa da wuri, kamar shekara biyu. Sabon haɗi, wanda za ka ga an rubuta OAT a jarkarsa, ya fi daɗewa, har shekara biyar a yawancin motoci. In an gauraya ba lalle su daskare ba, sai dai kowanne ya raunana ɗan'uwansa, wani lokaci silikat ya fita ya yi yauƙi. Ka koyi karanta jarka da littafin mota, ka bar kallon launi.

Lambar da ke jikin jarkar da aka riga aka tsinka tana gaya maka ƙarfinta, wato digirin sanyin da ruwan ke daskarewa: mai -18 kashi ɗaya cikin uku ne gilikol, mai -25 kusan kashi 40, mai -37 rabi da rabi. Irin wannan ba a ƙara mata ruwa. Motar da ke yawo cikin gari mai kashi ɗaya cikin uku ta ishe ta, in littafinta bai ce wani abu daban ba. Masu hawa arewa, duwatsun Ayar ko Bilma, suna iya cin karo da daren da ya kusa sifiri a wannan lokaci, su kam hana daskarewar da maganin ke yi ya yi musu aiki.

Ruwan ga-ruwa ba ka san rijiyar da ya fito ba, kuma kowace rijiya da gishirinta. Gishirin nan shi ma kama fosfat yake yi ya zama laka, ya kuma yi ɓawo a jikin injin. Tataccen ruwa ake so, wanda ake ƙara wa batir. Ka kula ƙwarai, masu sayarwa ruwan batir suke ce wa tataccen, ruwan batir suke ce wa mai asid. Ka ɗiga kaɗan a kan garin kanwa ko toka, in ya yi kumfa asid ne, kada ya kusanci lagireto. In an rasa, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya fi na rijiya, a tace ƙurar da ke ciki.

Na san a garejinku ana cire termosta, bawul ɗin da ke daidaita zafin injin, wai ƙasar zafi ba ta buƙatarsa. Injin da ba ya kai zafinsa mai yake sha, hayaƙi yake yi. In mota na zafi a nemi dalili a lagireto da fanka da murfi.

Tsohon ruwan da kuka zubar kada a bar shi a faranti ko ya kwanta a ƙasa, awaki da tumakin unguwa na shigowa gareji, zaƙinsa kuma na jan su. A ɗura a jarka mai murfi a rubuta guba a jiki, ban da robar lemo ko ta ruwan sha. In yaro ya sha, asibiti kai tsaye tare da jarkar, ko da yana wasansa lafiya lau. Madara da manja ba sa yi masa komai.

Tambaya: Malam, ni mai walda ne. In na babbake bututun galba da wuta ai tutiyar ta tafi, ya koma baƙin bututu ko?

Amsa: A'a malam. Wuta ba ta cire ta cikin bututu daidai, sai ta bar ta kumbura-kumbura tana ɓarewa, wanda ya fi muni a layin ruwa. Ga kuma lafiyarka. Tutiya na tafasa a digiri 907, wutar walda ta wuce haka nesa, farin hayaƙin nan da ke tashi shi ke kawo zazzaɓi da makyarkyata da ciwon jiki da dare bayan an tashi aiki. Madarar da masu walda ke sha ba ta tare shi. In dole sai ka liƙa galba, ka goge tutiyar da garanda a bakin wurin ɗinkin, ka yi aikin a fili iska na kaɗa hayaƙin gaba, ka sa takunkumi mai matata, bayan ka gama ka shafa fenti mai tutiya a wurin.